Kitson Shekarar Fari

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, Rashida da ƙawarta Nafisa, 'yan matan unguwarmu a nan Tanout, suka yi sallama gidana suka ce sun zo in koya musu kitso. Na ce madalla, yaushe za a fara? Rashida ta ɗaga salularta ta ce, "Ai Inna Haju, mun riga mun kalla a nan, mun gane komai. Ɗan gyara kawai za ki yi mana. Kwana uku ya isa."

Na ce to, Allah ya sa albarka. Na miƙa mata tsinke na ce ta raba mini kan Nafisa gida biyu. Tsagar ta taso daga tsakiyar goshi lafiya lau, amma kafin ta isa ƙeya ta karkace ta sauka bayan kunnen hagu, kamar hanyar awaki zuwa rijiya. Nafisa tana ta ihu, "Ke Rashida, gashi kike tsagawa ko fata?" Muka yi dariya har da hawaye. Da suka tafi na ce bari in zauna in rubuta musu, su da irinsu, yadda aikin nan yake tun daga inda na faro shi.

A Belbeji aka haife ni. Da na ci jarrabawar shiga kolej sai aka kawo ni Tanout, gidan Gwaggo Fanna, yayar babana, wadda ita ce mai kitson unguwa. Wurin aikinta tabarma ce a gindin aduwa a tsakar gida, da 'yar kujerar ice wadda zama ya sa ta yi santsi. Kayan aikin duka a ƙoƙo ɗaya suke: ƙayar beguwa ta yin tsaga, mataji na ice mai haƙora biyar, baƙin zare, da ɗan gwangwanin man shanu. Har yau ƙayar beguwa na fi so. Tsinken ƙarfe yana da kyau ga ido, amma ba ya gaya wa hannu inda fata take.

Kan farko da Gwaggo ta ba ni, ba kitso na yi masa ba, tsifa ce. Wata dattijuwa ce ta zo da doka wadda ta kusa wata biyu a kanta. Doka, ga waɗanda ba su taɓa gani ba, tudu ne ake tayarwa a tsakiyar kai daga goshi zuwa ƙeya, a sa curin tsumma a ciki, a kitse gashi a kansa, a shafe da man shanu har ya yi ƙyalli. Ranar farko abin kallo ne. Bayan wata biyu kuwa, da zufa da yashi da man da ya tsufa, sai wadda ta tsefe za ta ba da labari. Na riƙe numfashi na kau da fuska. Gwaggo ba ta ko ɗago daga kan da take kitsewa ba ta ce, "Hajara, gyara fuskarki. Kan uwar wani ne a cinyarki."

Shekara guda cur ina tsifa. In na dawo kolej in ajiye littattafai, in yi salla, in ci abinci, sai tabarma. A tsifa na koyi karanta kai. Na san inda aka ja gashi da yawa, don ƙananan ƙuraje suna jeruwa a bakin tsaga. Na san gefen da mace take kwanciya, don kitson nan ne yake fara tashi. Na san mai amosani, na san wadda 'ya'yanta suka shafa mata kwarkwata, na san tabon da aka ɓoye tun ƙuruciya. Kuma tun makon farko Gwaggo ta kafa mini sharaɗi. Ta ce, "Abin da kika gani a kan mace, a tabarmar nan za ki bar shi. Ko ni kada ki gaya wa, in dai ba magani za mu nema mata ba."

Akwai wata ɗabi'a tata da na ɗauka hira ce kawai. Kafin ta sa ƙaya a kan kowace mace sai ta tambaye ta, "Me kike ɗauka? Ta wane gefe kike kwanciya? Akwai goyo?" Sai da Dija mai nono ta faɗo hannuna na gane tambayar rabin aikin ce.

Dija Bafulatana ce, daga ruga take shigowa da ƙwarya kowace ranar kasuwa. Ran nan Gwaggo ta tafi barkar haihuwa, ni kaɗai a gida, lokacin na fara kama kitso hannuna yana ƙaiƙayi. Dija ta shigo ta sauke ƙwaryarta a inuwa, daidai lokacin da matar wani jandarma take fita da sabuwar dokar da Gwaggo ta yi mata da safe. Dija ta bi ta da kallo har ƙofa, ta juyo ta ce, "Ke yarinya, kin iya wancan?" Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce bikin suna gare su jibi, irinsa take so, ya ma fi wancan tsawo.

Na zauna na yi mata doka, na ba ta tsawo kamar zankon zakara. Ta duba madubi ta yi ta murmushi. Sannan ta ɗauki gammo ta ɗora, gammo ya ƙi zama, ya hau tudu yana lilo. Ta ce in kama mata. Muka ɗora ƙwarya. Taku ɗaya, taku biyu, a na uku ƙwarya ta yi gabas gammo ya yi yamma. Nono ya wanke tsakar gida, kaji suka taso, akuyar Gwaggo ta tsinke igiya. Dija ta tsaya da hannu a ka tana salati, tana zagina da Fulatanci, abin da na ji daɗin rashin jinsa. Cikin haka Gwaggo ta yi sallama.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ba Dija haƙuri, ta auna mata gero a madadin nononta, ta sa ni na tsefe dokar nan, ita kuma ta yi mata kitso mai zubowa gefe da gefe, tsakiyar kai a shimfiɗe kamar faifai. Washegari ta kwantar da ni ta yi mini doka mai tsawo, ta miƙo mini tulu da gammo ta ce, "Randa uku ce babu ruwa." Tun daga ranar, ko matar gwamna ce ta zauna gabana, sai na tambaye ta abin da take ɗauka. Yanzu an koma bido, wato jarka, da amalanke, tulu ya yi ƙaranci, amma tambayar tana nan. Mai goyo ba a bar mata jela a ƙeya, don yaro zai mai da ita linzami. Mai aikin likita da ke ɗaure kai da hula tun safe, ba a tara mata gashi wuri ɗaya. Kowace kuma ana sassauta mata gindin kitso yadda ruwan wanka zai ratsa ya isa fata, kuma yadda in ta kai goshi ƙasa a salla ba za ta ji kamar ana fizgar ta ta baya ba.

Ina cikin shekarata ta uku a gidan Gwaggo aka yi farin nan da manyanku suke ba ku labari. Damina ta zo ta wuce ba a ga komai ba. Shanu suka zube, man shanu ya ɓace daga kasuwa, Dija ma muka daina ganinta. Mutanen ƙauyuka da na arewa suka taho suka yi sansani a bakin gari suna jiran rabon hatsi. Tabarmar Gwaggo ta yi watanni ba wadda ta zauna a kai, don wadda ba ta san abin da za ta ɗora a murhu ba, ba ta tunanin tsaga.

Wata safiya wata mata daga sansanin ta shigo, ta tsuguna nesa da tabarma. Ta ce ba ta da abin bayarwa, amma gobe sunan jaririnta, kuma ba ta so matan da za su zo mata barka su ga kanta haka. Ta zame kallabi. Gashin ya koma ja-ja, ya yi laushi kamar audugar rimi, gefe da gefe kuwa daga goshi zuwa saman kunne ya zube, fata ce tas. Na sa mataji a hankali, ya fito da gashi cike. Na dubi Gwaggo. Ta karɓi matajin ta ajiye, ta ce, "Yau da yatsa za mu yi aiki."

A kan matar nan na ga kitson da Gwaggo ta ce wurin mahaifiyarta ta gani, a wata yunwar da aka yi kafin a haifi babana. Ba a taɓa wurin da ya yi rauni ko kaɗan. Ba a yin tsaga miƙaƙƙiya. Ana farowa daga tsakiyar kai da ƙeya, inda gashi yake da saura, a lanƙwaso tsagar kamar lauje, a kama gashin sako-sako, a kitso shi da kauri yana kwantowa gaba da gefe. Kowane kitso yana hawa kan gefen na ƙasa da shi, har su rufe fatar da ta bayyana, sannan a tattara bakinsu a ɗaure da baƙin zare a ƙarƙashin kunne. Man shafawa ba mu da shi, sai ruwan karkashi muka jiƙa muna shafawa don gashin ya yi santsi. Gwaggo tana kiran kitson jinka, don yadda ake jera ciyawa a kan ɗaki, ta sama tana rufe ta ƙasa, haka yake. Da muka gama matar ta shafa gefen kanta da tafin hannu sau uku, ta ce, "Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Bayan suna sai ga mata biyu, sai ga biyar. Daga baya Gwaggo ta ce su daina wahalar tahowa, mu za mu je. Duk ranar da ba ni da kolej mukan ɗauki ƙoƙo da tabarma mu tafi bakin gari, mu zauna gindin wata aduwa. Ita tana kitso, ni ina riƙe zare, daga baya ni ma na fara kamawa. Ba mu karɓi komai ba, ba su ma da shi. Amma wata takan kawo 'yan magarya a gefen zane, wata ta ɗebo mana ruwa. Har waƙa ake yi a wurin, da tsokana, don mata in sun taru kan kitso ko a cikin yunwa sai an yi dariya.

Da Allah ya kawo ruwa, gashi ya tsiro, ba wadda ta sake neman jinka. Wa yake so a tuna masa? Duniyar kitso ta ci gaba da juyawa. Doka ta tafi, sai a kan tsofaffi. Aka shiga zane ƙanana, wanda za ki wuni kina yi har idonki ya riƙa ganin biyu-biyu. Na yi aure, Gwaggo ta tsufa ta miƙa mini ƙoƙon, daga baya Allah ya yi mata rasuwa. Aka yi yayin shuku, aka yi na kalaba. Man kanti mai ƙamshi ya kori man shanu, har wadda ta girma da shi ta riƙa toshe hanci. Hijabi ya yawaita, wani maƙwabcinmu malamin lekol, wato makarantar boko, ya ce mini, "Hajara, sana'arki ta mutu, tun da an rufe kai." Na ce, "Malam, ka tambayi mai ɗakinka sau nawa ta zo wata nan." Sannan meshi ya shigo, gashin roba da ake ƙarawa. Shi kam ban taɓa sa wa kowa ba, don na ji abin da malamai suka faɗa a kan ƙarin gashi na tsaya a nan. Wadda take so nakan nuna mata gidan masu yi, mu rabu lafiya. Na rasa masu zuwa da dama ta wannan hanya, amma masu goshin da meshi ya cinye sukan dawo, in lallaɓa musu abin da ya rage.

Aikin da nake so ku ji da kyau shi ne na Zuwaira, ɗiyar maƙwabciyata Habsu. Ita da bakinta ta ce in rubuta, don yanzu ita ce ma take ba da labarin tana dariya. Zuwaira madam ce, tana koyarwa a lekol. Bara aka sa ranar aurenta da wani malamin dabbobi ɗan Falanko, su suka ga juna suka daidaita. Saura kwana goma sha biyu biki, da hantsi, sai ga Habsu ta shigo tana jan ta, ko sallamar kirki babu.

"Yaya Haju, duba abin da 'yarki ta yi wa kanta."

Zuwaira ta zame hijabi. Daga gefen goshi na dama zuwa saman kunne, wuri kamar tafin hannu, babu gashi, fatar ta yi ja ta tashi. Ashe man miƙar da gashi ƙawarta ta shafa mata, wanda ake wankewa bayan ɗan lokaci kaɗan. Suna cikin jira sai ango ya kira ta a salula.

Habsu ta ce, "Kanta yana cin wuta, ita tana can bayan ɗaki tana 'sai me kuma, sai me kuma.' Madam guda!"

Zuwaira ta ce, "Inna, na ji zafin, na ɗauka haka yake aiki."

Abin da ya sa hankalinsu ya tashi, dangin angon suna da al'adarsu. Washegarin kai amarya, matan dangi sukan taru a tsakar gida, babbar tsohuwar gidan ta zare wa amarya mayafi da kallabi a gabansu, ta duba kitso, ta shafa mata turare a ka da hannunta, ta sa albarka. Tsohuwar kuwa ita ce Iya Tsahara, kakar ango, wadda aka ce ba ta tauna magana. Abin da ta faɗa a kan amarya ranar nan, shi Falanko za ta riƙa maimaitawa har amaryar ta yi jika.

Habsu ta ce, "Ki taimaka ki sa mata meshi, sau ɗaya dai. Allah ya ga lalura."

Na ce, "Habsu, ko da ina sawa, a jikin me zan ɗaura shi? Meshi gashi yake kamawa. Ɗan abin da ya rage a gefen ƙunar shi ma zai tuge."

Zuwaira ta ce, "To in sayo hular gashi daga Damagaram."

Na ce, "Ki sayo. Iya ta sa hannu za ta shafa turare, ta ɗago da kan amarya gaba ɗaya a hannunta." Habsu ta fashe da dariya tana share hawaye, Zuwaira ta rufe fuska.

Na ce ta fara zuwa likita a duba ƙunar, kada ta shafa komai sai abin da suka ba ta, kada mataji ya kusanci wurin, ta dawo mini ana gobe ɗaurin aure. A kwanakin nan na kwantar da ɗiyata na gwada jinka a kanta. Na farko ya fito kamar sheƙar kaza, don shekaru sun yi nisa. Na tsefe na sake. A na uku yatsuna suka tuna lanƙwasar.

Ranar da Zuwaira ta dawo ƙunar ta bushe, amma wurin fayau yake. Na yi bisimilla, na tambaye ta ta wane gefe take kwanciya. Ta ce dama. Na ce daga yau hagu. Tun hantsi muke abu ɗaya har aka kira azahar, muka yi salla muka koma. Kitso tara na kwanto da su ta dama, tara ta hagu don kada gefe ɗaya ya tona ɗaya. Na ɗaure bakinsu da baƙin zare, na miƙa mata madubi. Ta juya dama, ta juya hagu, ta nemi wurin ta rasa. Sannan ta turo baki.

"Inna Haju, ai wannan kitson tsofaffi ne."

Na ce, "Tsofaffin ma da kansu aka kai su ɗakin miji. Tashi ki ba ni wuri."

Ina cikin 'yan rakiya zuwa Falanko. Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi, matan dangin ango suka cika tsakar gida, aka fito da amarya aka zaunar a tsakiya. Iya Tsahara ta fito da sandarta, 'yar ƙaramar tsohuwa, idonta tar. Ta zauna gaban Zuwaira ta yi bisimilla, ta zare mayafi, ta zare kallabi.

Sai ta dubi kitson da kyau. Ba ta kai hannu ga kwalbar turare ba. Ta ɗora yatsa biyu a tsakiyar kan, ta bi lanƙwasar tsagar a hankali, ta gangaro dama, ta tsaya daidai kan kitso na uku, wanda ƙunar take ƙarƙashinsa. Wanda bai san jinka ba, hannunsa ba zai je nan ba. Sai a lokacin na tuna cewa matan Falanko ma sun zauna a bakin Tanout a shekarar fari. Na zaɓi kitson da zai ɓoye wa kowa, ban da wadda ta taɓa ɗaukarsa a kanta. Habsu ta damƙe mini hannu.

Wata gwaggon ango ta leƙo ta ce, "Wannan kuma wane irin kitso ne? Ko meshi ya ƙare a Tanout?" Aka yi dariya. Wata ta matso tana miƙa hannu, "Iya, ɗaga mana mu ga yadda aka yi tsagar."

Iya Tsahara ta buge hannun. "Kul! Ba a ɗaga shi." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ku da kuka tashi cikin gashin roba, me kuka sani? Rabona da ganin kitson nan tun kafin a yaye wasunku. Matan da suka riƙe gidajensu lokacin da babu, su suka yi shi. Yarinyar nan daga hannun mutane ta fito." Ta zuba turare a tafinta, ta shafa a tsakiyar kai da gefen hagu, ta tsallake dama kamar ba da gangan ba. Ta sa albarka mai tsawo, ta mayar da kallabi da hannunta ta ɗaure. Aka rangaɗa guɗa.

Ana cikin rabon fura wata ta zo ta ce Iya tana kiran mai kitso. Na same ta a bayan rumbu ita kaɗai, na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ciwo ne ko wuta?"

Na ce, "Man kanti ne, Iya. Ya daɗe a kai."

"Zai tsiro?"

"A likita sun ce zai tsiro, in Allah ya so."

Ta ture kallabinta baya. Furfura ce fara fat, cike har gefen goshi. Ta dafa wurin ta ce, "Nawa ya fi nata faɗi, kuma gefe biyu. Ga shi nan ya tsiro har ya tsufa. A bakin Tanout aka yi mini, gindin wata aduwa. Wata doguwar mata mai wushirya, da wata 'yar lekol mai riƙe mata zare, tana ta surutu da Faransanci."

Na ce, "Gwaggona ce, Fanna. Ni ce mai zaren."

Ta ƙura mini ido. "Ke ce? To ai kin tsufa."

Na ce, "Iya, tare muka yi."

Ta yi dariya har da tari. Ta tambayi Gwaggo, na ce ta rasu. Ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a, na shafa. Sannan ta ce, "Ki gaya wa uwar yarinya ta saki ranta. Ni ban ga komai ba sai kitso." Na yi godiya zan tashi, ta riƙe mini zane. "Ina za ki? Kin zo da ƙayarki?" Na ce tana cikin jaka. Ta zare kallabin gaba ɗaya ta gyara zama a tabarma. "To yi mini irinsa. Amarya ba za ta fi ni ado a gidana ba."

Mai motarmu ya yi ta danna oda a ƙofar gida, Iya ta aika a ce masa ya sha fura ya jira. Kafin in gama, 'yan mata huɗu sun kewaye mu da salula suna ɗauka, har da ɗiyar wadda ta yi maganar meshi, tana tambaya ko ina zuwa Falanko da salla.

Gashin Zuwaira ya tsiro, yanzu har shuku take yi. Jinka kuwa na yi wa 'yan mata da dama tun daga bikin nan, yawancinsu ba abin da suke rufewa, kyau kawai ya yi musu. Waɗanda suke da abin rufewa, ni da su da tabarma muka sani.

Jiya Rashida da Nafisa suka dawo. Na ba su takardun nan suka karanta a gindin bishiya, na ajiye musu ƙoƙo, na ce Iya Mairo ta bayan masallaci za ta zo tsifa ranar Litinin, kanta ya yi wata ɗaya da rabi.

Rashida ta ce, "Inna Haju, yanzu mu ma shekara guda za mu yi muna tsifa?"

Na ce, "A'a. Ku da kuka riga kuka kalla a salula, wata goma sha ɗaya ya ishe ku."